Shaidar Kyamara da Shaidar Shari'a: Tsokaci a kan Wasan Mayu na Nazar

A ranar 30 ga Yulin 2018 tashar Star Plus ta ƙasar Indiya ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake kira Nazar, wanda kamfanin 4 Lions Films na Gul Khan ya shirya. An ci gaba da nuna shi har zuwa Fabrairun 2020, sannan aka ɗora zango na biyu wanda kullen annobar korona ya katse bayan 'yan makonni. Labarin wata mayya ce mai suna Mohana, irin wadda Indiyawa ke kira dayan, wadda ta haura shekara 200 a duniya amma kullum tana nan da ƙuruciyarta, domin da shekarun mutane take rayuwa. Ta yi aure a gidan Rathod, ta zuƙe rayuwar mijinta har ya mutu, asirinta ya tonu, aka datse jelar kitsonta wadda a cikinta ƙarfinta yake. Ta bar 'ya'ya biyu, dangin mijin suka rene su. Daga nan labarin ya koma kan ɗanta Ansh, wanda jinin maita ke gudana a jikinsa, da matarsa Piya, wadda aka nuna tana ɗauke da wani ƙarfi daga Durga, ɗaya daga cikin ababen bautar mabiya addinin Hindu. Ita kuwa Mohana dawowa take yi a kai a kai don ta karɓe ɗanta.

Kasuwa ce ta haifi wasan. A Nuwamban 2015 tashar Colors ta fito da Naagin na Ekta Kapoor, labarin macijiya mai rikiɗa mutum, ya kuwa shiga sahun gaba wajen yawan masu kallo. Ganin haka sauran tashoshi suka bi sahu, har a Disamban 2018 wata tashar ta kawo nata mai suna Daayan. Shirin da ake nunawa kusan kullum yana buƙatar abokin gaba wanda ba ya ƙarewa, kuma babu wanda ya dace da wannan gurbi kamar mayya: a ƙona ta a wannan makon, ta taso a mako mai zuwa, ba wanda zai ce an yi ƙarya. Dabarun kwamfuta masu arha sun ƙarasa sauran aikin, jelar kitso ta miƙe ta shaƙe mutum, ƙafafu su juya dugadugai su koma gaba. Dole a yi wa jarumar da ta fito a matsayin Mohana adalci, wato Antara Biswas da aka fi sani da Monalisa. Ta iya aikinta, kuma natsuwar da take yin mugunta da ita ta fi duk wata dabarar kwamfuta ban tsoro.

A nahiyar Afirka tashar Star Life ta tauraron ɗan'adam ta nuna shi da muryoyin Turanci. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar fim ɗin Indiya ba ce. Tun wajajen shekarun 1960 gidajen silima na Kano ke nuna shi, daga baya kuma kamfanoni irin su Algaita suka mai da fassara shi zuwa Hausa sana'a. A yau ba sai gida yana da tauraron ɗan'adam ba. Masu tura fina-finai a waya sun kai irin waɗannan shirye-shirye lungun da wutar lantarki ba ta kai ba, daga cikin birni har garuruwan kudancin Kano irin su Rano da Kibiya da Nariya.

Abin da malami zai fara gani a Nazar shi ne shirka, kuma gaskiyarsa. Ceto a cikin wasan daga gunki yake zuwa, tsari kuwa daga tsafi. Sai dai wannan ɓangare shi ne mafi sauƙin ganewa, kuma shi ne wanda Bahaushe mai kallo ya daɗe da sanin yadda zai yi da shi. Tun zamanin silima yake ganin ɗakin bauta da ƙararrawa da gumaka a fim ɗin Indiya, ya ce wannan addininsu ne, ya jira labari ya ci gaba. Abin da ke wucewa ba tare da an tare shi a ƙofa ba ita ce mayyar kanta, saboda ta tarar da gurbinta a share. A al'adar Bahaushe maye yana da ƙanƙarar maita a cikinsa, ana gadonta, musamman a sha ta a nono, wasu kuma su ce ana saye. Yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta ramewa har ya mutu in ba a sake shi ba. Wanda ya girma yana jin ana cewa "kurwata kur" ba ya buƙatar a fassara masa Mohana. Mai zuƙe shekaru da mai kama kurwa ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Sunan wasan kansa ya nuna inda aka cakuɗa abubuwa. Kalmar nazar asalinta Larabci ce, daga kallo, a harsunan Indiya kuma tana nufin mugun ido, abin da malamai ke kira al-ainu, Bahaushe ya ce kambun baka. Wasan ya ɗauki sunan kambun baka, ya zuba masa aikin sihiri, ya ɗora a kan wata halitta da ake haifa da mugunta a jini. Malaman Musulunci kuwa sun rarrabe waɗannan, kuma a kan rarrabewar hukunci ya tsaya.

Sihiri dai Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsa. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta nuna shi a matsayin abin da ake koya, ta ambaci raba miji da mata, ta kuma ɗaure cutarwarsa da izinin Allah. An yi saɓani a kan iyakar tasirinsa: Abubakar al-Jassas, wanda ya rasu a 370 bayan Hijira, ya karkata ga cewa rufa-ido ne da yaudara, jumhur kuma suka ce yana da haƙiƙa. Al-Ƙarafi ya keɓe masa dogon bayani a cikin al-Furuƙ don ya bambance wanda ke kai mutum ga kafirci da wanda ba ya kaiwa. Amma duk cikinsu ba wanda ya fitar da shi daga kasancewa aiki, wato abin da baligi mai hankali ya nema, ya koya, ya aikata da zaɓinsa. Kambun baka kuma babinsa daban. Ibn Khaldun, a fasalin da ya yi kan sihiri da ɗalasimai a cikin Muƙaddima, ya ba da labarin waɗansu mutane a Magrib da suke nuna cikin dabba da hannu ya fashe, ya kuma ce ya ji ana ba da labarin waɗansu a Indiya da suke nuna mutum ya faɗi matacce, a duba a ga babu zuciyarsa. Bai ƙaryata ba, ya lissafa su cikin masu sihiri waɗanda suka kai ga haka ta hanyar horar da kai a kan kafirci. Da ya zo kan ido sai ya ce shi ɗabi'a ne da ake halittar mutum da ita, ba ya kan zaɓin mai shi, ya kuma kawo maganar da ke cewa saboda haka ne ake kashe wanda ya yi kisa da sihiri, ba a kashe wanda ya yi kisa da ido.

A nan maita, yadda Bahaushe ya ɗauke ta kuma yadda Nazar ya zana ta, ta rasa wurin zama a fiƙihu. In aiki ce da aka koya, to sihiri ce, sai a kawo hujjar aikin. In kuwa halitta ce da aka sha a nono, to babu taklifi a kan abin da mutum bai zaɓa ba, kuma aya ta 164 a Suratul An'am ta yanke cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani. Masu zargin maita so suke su haɗa biyun: a ce gado ce don kada a nemi hujja, a kuma ce laifi ce don a yi hukunci. Haka wasan ya yi da Ansh. An nuna shi mutumin kirki, ana tausaya masa, amma ba a taɓa barin mai kallo ya manta da cewa jinin uwarsa na nan yana jiran rana. Wanda ya san yadda ake fasa aure a karkara saboda an ce kakar yarinya ta wajen uwa "suna da abin nan", ya san irin darasin da wannan ke ƙarfafawa.

Babban aibin wasan, a mahangar wannan maƙala, yana cikin ginin labarinsa, kuma aibi ne da yake tarayya a kai da kusan duk wasan mayu, ko da an cire gumaka an sa carbi da allo a madadinsu. Kyamara tana ba mai kallo abin da Shari'a ta ce ba wanda yake da shi, wato yaƙini a kan abin da ya faku. Tun daga farkon wasan an nuna ƙafafun Mohana a juye, an nuna ta tana zuƙe ran mutum a inda ba kowa. Mai kallo ya zama shaidar gani da ido a kan gaibu. Daga wannan lokaci duk wanda ya yi shakka a cikin labarin wawa ne a idonsa, ko kuma an riga an shanye shi. Wanda ya ce a bi a hankali, a nemi hujja, kada a zalunci baiwar Allah, shi ne mai jawo wa gida bala'i. Mai zargi kuwa, wanda mafarki ko faɗuwar gaba ko wata alama ta nuna masa, shi ne a ƙarshe ake ba haƙuri. Ana maimaita wannan tsari dare bayan dare har ya zauna a zuciya cewa zato shi ne basira, tabbatarwa kuma sakaci. Suratul Hujurat akasin haka ta koyar: aya ta 6 ta yi umarni da bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, aya ta 12 ta yi umarni da nisantar yawancin zato. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Akwai kuma wata juyarwa da ake yi wa gaskiya. Mayyar talabijin kyakkyawa ce, mai ado, mai ƙarfin da ya fi na duk mutanen gida a haɗe, saboda haka duk abin da aka yi mata kare kai ne. Wadda ake kira mayya a zahiri kuwa galibi tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, ko mai gonar da wani ke so. Tsoron da aka koya a kan ta farko, a kan ta biyu ake sauke shi.

Tarihin Indiya kansa ya adana misali, kuma ta hannun wani alƙali Bamalike. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratso Takedda har ya ambaci Gobir, ya riƙe alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammadu bin Tugluƙ. Ya ba da labarin cewa a lokacin wata yunwa mai tsanani, sa'ad da aka raba wa manya ciyar da matalauta har shi aka ba shi mutum 500, an kawo masa wata mata ana cewa kaftar ce, ta cinye zuciyar wani yaro. Kaftar a Farisanci kura ce, abin da zai tuna wa Bahaushe labaran masu rikiɗa. Sai ya tura ta wurin na'ibin sarki. Aka cika tuluna huɗu da ruwa, aka ɗaura mata a hannuwa da ƙafafu, aka jefa ta kogi. Ba ta nutse ba, aka ce to ta tabbata, aka ƙona ta, mutane suka zo suna ɗibar tokarta don neman tsari. Da ta nutse da an wanke ta, bayan ta mutu. Abin lura shi ne lokacin: shekarar yunwa, sa'ad da yara ke mutuwa ba adadi, kowa yana neman wanda zai ɗora wa.

Abin bai zama tarihi ba. Ƙididdigar hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya ta nuna an kashe mutum fiye da 2,500 a kan zargin maita tsakanin 2000 da 2016, mafi yawansu mata. Jihar Bihar ta yi dokar hana farautar mayu a 1999, da kalmar nan ta dayan a cikin sunan dokar, Jharkhand ta bi a 2001, ta jihar Assam kuma ta samu amincewar shugaban ƙasa a 2018, shekarar da Nazar ya fara. Wato a daidai lokacin da ake yin doka don kada a kira mace dayan, ana sayar da dayan ga miliyoyin gidaje kowane dare. A Nijeriya ma an ga makamancin haka. Fim ɗin End of the Wicked na 1999, wanda Helen Ukpabio ta shirya, ya nuna yara ƙanana suna fita taron mayu da dare suna cin naman mutane. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta shi da yaɗuwar zargin yara da maita a Akwa Ibom da Kuros Riba, ita kuma ta musanta. A 2008 jihar Akwa Ibom ta sanya kiran yaro maye cikin laifukan da doka ke hukuntawa.

Misalin da ya fi kusa da gida a Kano ya faru. A Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jiha ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, cikin 2023. Abin da aka gabatar a kotu shi ne matar ɗaya daga cikinsu ba ta da lafiya, ta yi mafarkin tsohuwar tana bin ta da wuƙa. Ba a cewa wasan kwaikwayo ne ya kashe wannan baiwar Allah. Imani da maita ya girmi talabijin da ƙarnuka. Amma hujjar da aka kashe ta da ita, mafarkin marar lafiya, ita ce hujjar da wasannin mayu ke nunawa tana gaskata a ƙarshe. A birni mai kallo zai kashe akwati ya kwanta, mayyar ta zauna a Mumbai. A gari irin Nariya, inda kowa ya san gidan kowa da asalin kakanninsa, inda zazzaɓin cizon sauro ke sa yaro suma da sambatu da damina, sanƙarau kuma da bazara, sunan da yaro ya ambata cikin zafin ciwo sunan maƙwabciya ne, kuma gidanta taku kaɗan ne. In maye ya manta uwar ɗa ba ta mantawa, in ji masu magana. Karin maganar bai tanadi komai ba ga ranar da uwar ɗa ta yi kuskuren maye.

Sunna ta bar misalai biyu da suka isa ma'auni. Na farko ƙissar Sahlu bin Hunaif da Amiru bin Rabi'a, Allah Ya yarda da su, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Lallai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai wanda ake tuhuma, kuma masu kare tuhumar maita sukan kafa hujja da wannan. Amma tuhumar ta ginu ne a kan maganar da Amiru ya furta a fili aka ji shi, sa'ad da ya yaba jikin Sahlu bai sa albarka ba. Abin da ya biyo baya faɗa ne da umarnin ya yi wanki a zuba wa ɗan'uwansa. Amiru ya ci gaba da zama sahabin Badar da mutuncinsa, ba a kira zuriyarsa da wani suna ba. Ina wannan, ina tuɓe tsohuwa a bainar jama'a a ce ta tsallake marar lafiya? Na biyu sihirin da Labidu bin A'asam ya yi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha. A nan an san mai laifin da yaƙini, domin Allah ne Ya sanar da Annabinsa, har da rijiyar da aka jefa abin. Duk da haka bai tayar da maganar ba, ya kuma bayyana cewa ya ƙi ya tayar wa mutane da sharri. Wanda yake da ilimin da kyamara ke riya bayarwa, shi ne ya fi kowa kame hannu.

Mazhabar Malikiyya tana da tsanani a kan mai sihiri. Ibn Abi Zaid a Risala ya haɗa shi da zindiƙi wajen kisa da rashin karɓar tuba. Sai dai ɗalibin da ya haddace wannan layi ya tsaya, rabin karatu ya yi. Al-Baji ya kawo a al-Muntaƙa cewa ba a zartarwa sai ya tabbata abin da mutumin ke yi shi ne sihirin da Allah Ya siffanta da kafirci, ya kuma naƙalto daga Asbagu cewa masu sanin haƙiƙar abin ne za su bincika. Zartarwa kuwa ta shugaba ce. Game da mai kambun baka da ya shahara da cutarwa, abin da Alƙali Iyal ya naƙalto daga waɗansu malamai shi ne shugaba ya sa shi lizimtar gidansa, in matalauci ne a ciyar da shi. Ko Abul Abbas al-Ƙurɗubi, da ya tsananta ya ce ana yi masa ƙisasi, ya sharɗanta abin ya maimaitu har ya zama al'adarsa. Babu mafarki a cikin hanyoyin tabbatar da laifi, babu faɗar boka, babu abin da aljani ya faɗa ta bakin marar lafiya a wurin ruƙiyya, wanda a yau ya zama sabuwar ƙofar zargi mai sanye da rigar Sunna. Dokar ƙasa ma a nan ta dace da fiƙihu: sashe na 216 na kundin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sanya zargin mutum da maita laifi, kamar yadda ya sanya da'awarta laifi.

Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, muhawarar da aka fi ji tsakanin malamai da 'yan fim ta sutura ce da rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata. A Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda nuna su ba tare da an kai an tace ba. Hukumar tace fina-finai ta tarayya kuma a 2024 ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin neman kuɗi. Duk waɗannan suna duban abin da ido ke gani ne. Wasan Hausa zai iya cika kowane sharaɗi, mata cikin hijabi, malami ya karanta Falaƙi da Nasi, boka ya kunyata, amma ya bar ginin nan na Nazar yadda yake: kishiya ko uwar miji ko tsohuwar unguwa da aka zarga, kyamara ta bi ta cikin dare ta tabbatar. Irin wannan ya fi na Indiya haɗari, domin babu gunkin da zai sa mai kallo ya ja da baya, ga shi kuma an rufe shi da ayoyi.

Ba a hana marubuci Musulmi taɓa sihiri ko maita ba, abubuwa ne da ke cikin rayuwar mutanen da yake rubutawa a kansu. Abin da ake nema a gare shi shi ne ya tsayar da kyamararsa inda ilimin ɗan'adam ya tsaya, kada mai kallo ya san fiye da abin da mai unguwa ya sani a ranar da aka kawo masa ƙara. Marubucin da ya bi wannan hanya zai rasa jelar kitso mai tashi sama, zai rasa dawowar mayya a kashi na gaba. Abin da zai rage masa shi ne yaro a kwance yana sambatu, da uwa tana kuka, da tsohuwa a tsugune a ƙofar gidan dagaci, da limamin da aka aika a kira.